Darasi Kan Sayen Manyan Sifikoki Na Ɗaki

Darasin wannan mako ba na hatsi ba ne. Kaka ta yi, masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada sun shigo, kuɗi ya zauna a aljihu. To sai ga mutum uku sun tare ni a Kwanar Dangora da tambaya guda: wace sifika za su saya su kafa a ɗaki don sauraron karatu da tafsiri?

Amsa ta fari, auna ɗakinka kafin ka hau mota zuwa Kano. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Na ga waɗansu manya guda biyu masu faranti inci 15 a wani shago, idona ya rufe, na biya kuɗin da ya isa buhuna da dama. Turakata kuwa ƙafa 12 ce tsawo da faɗi, ginin bulo, rufin kwano, babu silin. Da na kunna sai kwano ya kama rawa, muryar alaramma ta nutse cikin rugugi, ba ka bambance Sin da Sad. Dalili shi ne, ƙaton faranti yana tura sauti mai kauri, shi kuwa sai ya bugi bango ya dawo ya hau kan ɗan'uwansa, kuma ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ya fi kowane muni. A ganina irin wannan ɗaki inci 6 ko 8 ya ishe shi. Falo mai ƙafa 20 ya ɗauki inci 10 ko 12. Su 15 da 18 a bar wa masallaci da filin taro.

Sannan lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 3000 da manyan baƙaƙe, kusa da shi P.M.P.O. Wannan cikar baki ce, kamar buhun da aka cusa wa ƙaiƙayi. Nemi inda aka rubuta R.M.S., shi ne awo na gaskiya, sau da yawa ba ya wuce 50 ko 100. Kuma ka sani, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi. Sai an ninka kusan sau goma kunne zai ce ƙara ta ninku. Wat 50 na gaskiya ya isa ya hana maƙwabcinka barci, shi ma yana da haƙƙi a kanka.

Duba bayan sifika, akwai lamba 4 ko 8, ita ake kira om. Ta dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya. In ka haɗa masu 8 guda biyu a baki ɗaya sun koma 4, in injin bai ɗauka ba zai yi zafi ya ƙone. Ƙaramin inji da aka murɗa har ƙarshe shi ma yana kashe ƙaramin faranti mai siririyar murya.

In ta gwanjo ce, a Sabon Gari ko wajen wani, yi mata abin da muke yi wa buhu, wato kada ka tsaya ga kallon baki. Cire ragar gaba, danna faranti a hankali da yatsu. In ka ji yana karce, bar ta. Duba robar gefe ko ta ruɓe. Ƙwanƙwasa akwatin, in ya yi amo kamar ganga katakon ba shi da kauri. Mutanen Doguwa ku kula, katakon da aka matse da garin katako yana kumbura da laimar damina, a ɗora shi kan wani abu.

Je da karatun da kunnenka ya saba da shi a wayarka, a kunna maka a hankali, domin mai shago ƙure ƙara yake yi don ya ɓoye aibi. A gida kada ka cusa ta a kusurwa. Janye ta kamar kamu ɗaya daga bango, su biyun su fuskanci inda kake zama, tazararsu daidai da tazararka da kowacce. Shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri. Kuma kafin ka ba dillali la'adarsa, a rubuta a rasit cewa in ba ta dace da ɗakin ba za ka mayar cikin kwana uku.