Kafin Ka Ce A Cire Haƙorin Nan

Idan haƙori ya hana ka barci, ko ya daɗe yana zugi bayan ka sha shayi, galibi ruɓar ta kai jijiya. Kanumfari zai lafar da ciwon, amma ƙwayoyin cutar suna nan daram.

Tambayi likita ko wankin jijiya zai yiwu. Bayan allurar kashe zafi, zai huda haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓen naman ciki, ya wanke ramin har saiwa, ya toshe. Akan je sau ɗaya ko biyu. Da tsada kam, amma dashen sabo ya fi tsada.

In haƙorin turmi ne, bayan wankin a sa masa hula, domin yana saurin tsagewa. Kumburi kuwa in ya doshi ido ko maƙogwaro, garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.