Tsargiya a Fahimtar Matasan Karkarar Wudil: Nazari a kan Harshen Wayar da Kai

Garin Wudil yana bakin kogi ne, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, kuma rayuwar ƙauyukan da ke kewaye da shi ta rataya a kan wannan ruwa: su, haƙar yashi, noman rani, shayar da dabbobi, wanki da wanka. Matasa ne ke ɗauke da mafi yawan waɗannan ayyuka. Wannan maƙala ta ɗauki cutar tsargiya a matsayin ma'aunin ilimin kiwon lafiya a tsakaninsu, domin cuta ce da kowa ya san sunanta, amma ƙalilan ne suka san hanyar shigarta jiki.

Likitan nan Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano tsutsar da ke haddasa ta a Alƙahira a shekarar 1851. Mai ɗauke da cutar yana fitar da ƙwan tsutsar a cikin fitsari. Idan ƙwan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ya shige jikin wata ƙaramar katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito da siffar da ke huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke iyo. Tsutsar takan zauna shekaru a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana jawo jini a ƙarshen fitsari, da ƙarancin jini, daga baya kuma lahanin ƙoda, har ma da sankarar mafitsara.

A nan ne matsalar harshe take. Saƙonnin tsafta da ɗalibi ya haddace tun firamare, irin su wanke hannu, tafasa ruwan sha da rufe abinci, duk sun ginu ne a kan cewa cuta ta baki take shiga. Ita ma kalmar "tsutsa" Bahaushe ya fi danganta ta da ciki. Saboda haka yaro zai iya kiyaye duk abin da aka koya masa, ya kuma kamu da tsargiya yana tsaye a ruwa iya gwiwa. Jimlar "ta fata take shiga" ta fi dogon jawabi amfani, amma ba kasafai ake jin ta ba.

Sannan akwai tsohuwar fahimta, wadda ba ƙasar Hausa kaɗai ke da ita ba, cewa jinin fitsari alamar balaga ce ga ɗa namiji. Abin da aka ɗauka girma ne, ba a kai shi asibiti. Lamarin 'yan mata ya fi wannan tsanani: kunya tana hana su faɗa, alamomin kuma sukan cakuɗe da na al'ada ko na abin da ake kira ciwon sanyi, alhali cutar tana iya taɓa mahaifa ta shafi haihuwa.

Cewa matashi ya daina shiga kogi magana ce ta wanda bai san inda abincin gidan yake fitowa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya daina fitsari a cikin ruwa ko a gefensa, ya ajiye ruwan wanka na kwana biyu idan da hali, ya kuma karɓi maganin praziquantel, wanda ake aunawa da tsayin mutum, ake sha bayan an ci abinci. Sai dai maganin ba ya hana sake kamuwa, kuma rabon da ake yi ta makarantun boko yakan tsallake almajirai, da masu tallar nono, da yaran da ke kiwo. Waɗannan a tsangaya ake samun su, da mashaya, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, kuma da Hausar baka ake isa gare su, wasu ma sai da Fulatanci.