Amsar Tambaya: Digiri na Biyu a Nazarin Zane-zane

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a fannin zane-zane. Ina son digiri na biyu, amma na bincike da rubutu. A gida ana cewa wannan ba karatu ba ne. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, karatu ne mai tushe. A 1958, a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane, suna muhawara kan yadda fasahar gida za ta zauna da wadda Turawa suka kawo. Har gobe ana wannan muhawarar.

Abin binciken kuwa yana ƙofar gidanku. Ki je tasha ki tsaya bayan gingimari: ga zaki, ga dawisu, ga addu'a rubuce a ƙasa. Wa ya zana? Nawa aka biya shi? Me direban yake son a gani? Ko ki ɗauki aska takwas ta babbar riga, ki bi yadda ta sauya tun da keken ɗinki ya karɓi aikin allura. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai, domin tsofaffin maɗinka ba rubutawa suke yi ba.

Ki zaɓi abu ɗaya kacal, ki karanta abin da masana suka rubuta a kansa, sannan ki nemi malamin da zai duba aikinki tun kafin ki sayi fom. Iyaye kuma a bi su da lalama, ki nuna musu tsarin binciken a rubuce.