Hawan Kilimanjaro: Ƙara Kwana Ya Fi Ƙara Sauri

Abin da ya fi mayar da masu hawan Kilimanjaro gida kafin su taka ƙololuwar Uhuru shi ne gaggawa. Wannan dutse mai aman wuta, wanda ya daɗe da yin lamo a arewacin Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895 ne, kuma a can sama iskar oksijin da mutum ke samu a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin teku ce. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi lokaci. Dubi hanyar Marangu ta kwana biyar: daren farko a Mandara, wajen mita 2,700, na biyu a Horombo, mita 3,720, na uku a Kibo, kimanin mita 4,700. Kullum ana ƙara mita dubu ke nan, alhali likitoci na cewa da zarar an haura mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗaga fiye da mita 500 a rana. Daga nan sai ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita rai, barci ya ƙaurace: ciwon tsauni ke nan. Shawarata ita ce a ƙara kwana ɗaya a Horombo, ko a bi hanyar Lemosho ta kwana takwas.

Za a ce kowane kwana kuɗi ne, ga na shiga gandun dajin da dutsen yake ciki, ga na jagora da 'yan dako. Gaskiya ne. Amma wanda ya biya kuɗin jirgi har Tanzaniya, sannan aka sauko da shi daga Kibo yana amai, bai yi tattalin komai ba. Wani kuma zai ce shi ɗan motsa jiki ne. Ciwon tsauni ba ruwansa da ƙwanji, hasali ma majiya ƙarfi sun fi saurin wuce gona da iri, shi ya sa jagororin ba sa gajiya da cewa “pole pole”, wato sannu-sannu. Maganin Diamox yana taimaka wa jiki ya saba, idan likita ya rubuta shi, amma ba ya maye gurbin kwanan da aka tsallake.

Ciwon kai mai sauƙi, a tsaya a inda ake har ya lafa. Idan kuwa mutum ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.