Mutuwa da Harshe a Wasan Tarajedi: Darasi daga Antigon

Ɗalibai da dama suna ɗauka cewa tarajedi, wato wasan kwaikwayon ban tausayi, shi ne duk wasan da jaruminsa ya mutu a ƙarshe. Wannan ma'auni bai cika ba. Aristot, a littafinsa na nazarin fasahar waƙa, ya jingina tarajedi ga tausayi da tsoron da wasa ke tayarwa a zukatan masu kallo, bai gindaya mutuwar jarumi a matsayin sharaɗi ba.

Wasan Antigon na Sofokul, wanda aka nuna a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, ya isa misali. Sarki Kireyon ya hana a binne Polinis, ɗan'uwan Antigon, domin ya yaƙi garinsu Tebas. Antigon ta fifita haƙƙin zumunta da dokar alloli bisa dokar sarki, ta yi wa gawar sutura. Aka rufe ta a kogo, ta rataye kanta. Hemon, ɗan sarkin da ke shirin aurenta, ya soke kansa da takobi. Mahaifiyarsa Uridis, da ta ji labari, ta bi bayansa. Rayuka uku sun salwanta, amma wanda aka bari yana kuka a ƙarshe shi ne Kireyon, wanda bai mutu ba. Kowace mutuwa ta tsiro ne daga hukuncin da ya yanke da bakinsa, kuma nauyinta a kansa ya sauka.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne yadda mutuwar ke isowa. Ba ɗaya daga cikin ukun da ta auku a gaban masu kallo. Ɗan saƙo ne ke shigowa ya ba da labari, yana jera aukuwar abubuwa daki-daki, yana maimaita maganar da ya ji Kireyon ya furta a bakin kogon. Mai kallo bai ga takobi ba, kalmomi ya ji, kuma su suka gina masa hoton. Uridis ma ba ta ce uffan ba bayan labarin, ta fita shiru, har shirun nata ya tsorata waɗanda ke wurin.

Marubutan Faransa na ƙarni na 17 sun gaji wannan salo. A wasan Fedir na Rasin, na 1677, Teramen ne ya bayyana mutuwar Ipolit cikin dogon jawabi. A Berenis kuwa, na 1670, ba wanda ya mutu: Titus da Berenis sun rabu suna son juna, kuma wasan bai fita daga sahun tarajedi ba.

Saboda haka, mai nazari kada ya tsaya ga ƙirga gawawwaki. Ya tambayi wane zaɓi ne ya haifi mutuwar, wa ya kawo labarinta da waɗanne kalmomi, kuma wa aka bari da rai yana ɗauke da ita.