Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Gargaɗin Ambaliya Zai Iso Mu Da Wuri?

Wani mai sauraronmu daga Tsibirin Gobir yana tambaya: ta yaya za a riƙa sanar da jama'a kafin ruwa ya ci gari?

To, Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi zuwa tudu. A ƙarshen Agustan 2024 kuma, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rusa gidaje a birnin, aka rasa rayuka.

Gulbin daga Najeriya yake gangarowa, ta madatsar Jibiya. Don haka matakin farko shi ne a kafa sandunan awo masu launi a bakin gulbi, a ɗora wa mutum amintacce duba su safe da yamma. Da zarar ruwa ya taɓa ja, sai ya buga waya Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri. Daga nan rediyon gari da lasifikar masallaci da sanƙira su yaɗa labari da Hausa, har cikin dare.

Kowace unguwa kuma ta san tudun da za ta nufa, da wanda zai ɗauko tsofaffi da yara. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, a haddace ta.