Darasi: Yadda Mai Saye Zai Same Ka a Intanet

Duk shekara, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, albasa kan cika gonakin rani na ƙasar Adar da kwarin Maggiya. Ana jibge buhuna a bakin hanya a Madawa da Galmi, manyan motoci su kwashe su zuwa Abijan da Akara da Kumasi da Lome da Kwatano. Manomin Ibohamane da na Buza da na Keita sun san wannan sarai. Sun kuma san cewa idan kowa ya cire albasarsa lokaci guda farashi faɗuwa yake yi, wanda ya iya adana tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, har damina shi ke ganin riba.

Abin da ya fara sauyawa shi ne yadda mai saye yake neman kaya. A da sai ya turo yaronsa, ko ya kira wanda ya saba da shi. Har yanzu ana yin haka. Amma akwai sabon mai saye wanda bai san kowa ba a jihar Tawa. Shi wayarsa yake ɗauka, ya buɗe Google, ya rubuta abin da yake so. Sunan da ya fito masa a sama, shi zai kira. Wannan darasi zai nuna maka yadda sunan ƙungiyarku da kayanku za su shiga cikin waɗanda ke fitowa.

Mene ne injin bincike?

Google shi ne injin binciken da aka fi amfani da shi a duniya. Wasu ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfaninsa a Amurka a shekarar 1998. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa: ba shi da kaya, amma ya zaga ya ga abin da kowa ya kasa, kuma idan baƙo ya zo shi ke nuna masa rumfar da zai nufa.

Ga yadda yake zagawar. Yana da manhajoji da ke bin shafukan intanet dare da rana, suna karanta abin da aka rubuta, suna ajiye shi a wata babbar ma'ajiya. Idan wani ya rubuta tambaya, injin ya duba ma'ajiyar, ya jero shafukan da suka fi dacewa da kalmomin da aka rubuta. Mutane kuwa ba su da haƙurin gangarawa ƙasa. Yawancinsu na farko ko na biyu ko na uku suke taɓawa.

Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin darasin: injin nan rubutu ya fi ganewa. Saƙon murya da kake turawa a WhatsApp, ko hoton da ka sa abokanka su gani na kwana ɗaya, ba sa shiga ma'ajiyarsa. Hirar WhatsApp a rufe take, tsakaninka da wanda ka turawa. Mutanenmu kuwa sun fi yawan amfani da murya, saboda da yawa ba su samu zuwa makaranta ba. Shi ya sa garin da ke da albasa mai kyau da tumatir da madatsar ruwa irin ta Ibohamane, idan aka neme shi a intanet, abin da ya fi fitowa shi ne rahotannin hukumomi da na ma'aikatan agaji, da Faransanci. Su manoman da kansu ba su cika bayyana ba. Kai da kake koyon haɗa baƙi a wannan aji, kai ne za ka iya gyara wannan.

Ina za a yi rubutun?

Ba kowane manomi ne yake bukatar shafinsa na kansa ba. Mallakar adireshi a intanet kuɗi ake biya duk shekara, ga kuɗin kati. Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙungiya ta buɗe guda ɗaya: ƙungiyar manoman rani, ko ta mata masu busar da tumatir, ko ta masu saƙar tabarma irin wadda Madawa ta yi suna da ita. Sakatare ko wani matashi mai karatu ya riƙa kula da shi, 'yan ƙungiya su riƙa ba shi labarin kaya da farashi. Wanda bai kai ga wannan ba yana iya buɗe shafin sana'a a Facebook, ya bar shi a buɗe ga kowa, ko ya sa shagonsa a taswirar Google. Waɗannan biyun kyauta ne. Dokokin rubutun da za mu koya duk ɗaya ne.

Kalmomin mai nema

Kafin ka rubuta komai, ka tambayi kanka: wanda nake so ya same ni, me zai rubuta a wayarsa? Ɗan kasuwar Abijan ko na Yamai zai iya rubuta "oignon violet de Galmi", domin da wannan sunan aka san irin albasar nan a ƙasashen da ake jin Faransanci. Bahaushen Kumasi ko na Sakkwato zai rubuta "albasa". Idan kana son su duka, sai shafinka ya ƙunshi kalmomin biyu. Ba laifi ba ne a rubuta bayani da Hausa a sama, a maimaita shi da Faransanci a ƙasa.

Sunayen garuruwanmu ma rubutu biyu gare su. Mu muna rubuta Madawa, Buza, Tawa. A taswira da takardun hukuma kuwa Madaoua, Bouza, Tahoua aka rubuta. Baƙo na taswira zai bi. Saboda haka ka sa duka biyun, ko da sau ɗaya ne.

Sunan Keita yana da tasa matsala ta daban, kuma yana da kyau ka gwada da kanka. Rubuta "Keita" kaɗai a Google. Abin da za ka fara gani mutane ne: Salif Keita mawaƙin ƙasar Mali, Naby Keita ɗan ƙwallon Gini, ko Modibo Keita shugaban Mali na farko. Garin da ake nufi yana can ƙasa, duk da cewa ya yi suna a duniya saboda babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, aikin da mata suka ɗauki kaso mai yawa na jidar duwatsu da dashen itatuwa. To idan garin da ke da irin wannan tarihi yana ɓacewa a bayan sunayen mutane, ina ga ƙaramar ƙungiya? Maganin abin shi ne cika adireshi: Ibohamane, Keita, Tahoua, Niger. Haka kuma lambar waya ta fara da +227, don mai kira daga waje ya same ka, kuma kada a ɗauka a Najeriya kake.

Take da taƙaitaccen bayani

Idan Google ya jero amsoshi, kowace amsa tana da take da manyan haruffa, da layi biyu na bayani a ƙasansa. Waɗannan su mai nema yake karantawa kafin ya yanke shawarar shiga. Wurin kuma ƙarami ne. Take ya kan yanke idan ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, bayanin kuma idan ya wuce kamar 155.

Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma gaisuwa abu ne mai kyau. Amma kada ka cinye wurin take da ita. Wanda ya sa "Barka da zuwa shafinmu mai albarka" a matsayin take bai gaya wa injin komai ba, domin ba wanda yake neman waɗannan kalmomi. Dubi wannan kuma:

Albasar Galmi ta sayarwa, Ibohamane, Keita (Tahoua)

A nan akwai kaya, akwai iri, akwai wuri. A layin bayani sai a faɗi ko buhu ake sayarwa ko mota, daga wane wata zuwa wane wata, da yadda za a kira ku. Gaisuwar sai ta zo a cikin shafin, bayan baƙo ya shigo.

Hoto ma yana son rubutu. Idan ka ɗora hoton buhunan albasa, akwai gurbin da ake rubuta abin da ke cikin hoton. Kada ka bar shi fayau. Rubuta "buhunan albasa a Ibohamane". Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa shafi ma da wannan rubutun yake sanin abin da ke hoton. Sannan ka rage nauyin hoton kafin ka ɗora. Ka san yadda layi yake wahala a ƙauyukanmu, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani. Shafin da ya daɗe bai buɗe ba, mutum rufe shi yake yi ya tafi wani.

'Yar manhaja mai taimako

Shafuka da yawa ana gina su ne da wata manhaja mai suna WordPress, wadda ta fito a 2003. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka yi su. Ana iya ƙara mata ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce Yoast SEO, wadda wani mutumin ƙasar Holan mai suna Joost de Valk ya ƙirƙiro. Tana da nau'in kyauta da na kuɗi, kuma na kyautar ya ishi ƙungiya.

Idan aka sa ta, za ka ga gurabe a ƙasan wurin rubutu. A na farko ka sa babbar kalmar da kake so a same ka da ita, misali "albasar Galmi". A na biyu take, a na uku taƙaitaccen bayani. Sai ta nuna maka yadda za su fito a wayar mai nema. Tana kuma kunna 'yan fitilu: ja na nufin akwai gyara, ruwan lemo na nufin da sauran kaɗan, kore na nufin ya yi. Za ta gaya maka idan take ya yi tsawo, ko babbar kalmar ba ta cikin sakin layi na farko, ko hoto ba shi da bayani.

Amma kada ka mai da koren fitila abin bauta. Manhajar ba ta da iko a kan Google, shawara kawai take bayarwa. Kuma ma'auninta na daɗin karatu an gina shi ne a kan harsuna irin Ingilishi da Faransanci, bai ƙware a Hausa ba. Idan ta kunna ja a kan jimlar da kai ka san daidai take, karanta wa wani ɗan ƙungiya da ƙarfi. In ya gane, bar ta yadda take.

Gaskiya da haƙuri

Wasu suna jin an ce injin kalmomi yake nema, sai su cika shafi da "albasa albasa albasa" sau hamsin. Google ya daɗe da gane wannan dabara, kuma yana iya tura irin wannan shafi baya. Kwafo rubutun wani ko hoton gonar wani shi ma ba ya kai mutum ko'ina. Rubuta abin da kuke da shi da gaske. Idan buhu ɗari ne kada a ce dubu. Idan ka sa farashi, sa kwanan wata kusa da shi, domin farashin watan Afrilu ba shi ne na watan Satumba ba, kuma mai sayen da ya ga tsohon farashi zai ɗauka yaudara ce. Idan kaya ya ƙare, a rubuta ya ƙare.

Wani abin da ke ɗaga shafi shi ne wasu shafuka masu mutunci su ambace shi, su sa mahaɗin da ke kai mutum gare shi. Tun farkon Google da wannan yake auna darajar shafi. Saboda haka idan kuna hulɗa da ofishin magajin gari, ko gidan rediyon yankinku, ko zauren manoma na jihar Tawa da ke cikin RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, ku roƙe su su sa adireshinku idan suka ba da labarinku.

Sakamako ba ya zuwa rana ɗaya. Sabon shafi yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin injin ya gan shi, watanni kuma kafin ya hau sama. Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi jika kaza ya sa ku na ɗaya gobe, ku yi hattara da shi. Wurin da ake saye da kuɗi talla ne, Google da kansa yana sa masa alamar talla, kuma ranar da kuɗin ya ƙare ya sauka. Haka nan kada a sa hoton katin ɗan ƙasa ko lambar sirri ta asusun kuɗi a shafi. Mai saye na gaskiya ba zai tambaye ka lambar sirri ba, kuma kada a loda mota sai kun tabbatar da kanku kuɗi ya shigo.

Aikin aji

Kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta sunan abu ɗaya da yake nomawa ko yake sana'antawa. A ƙasansa ya rubuta sunan garinsu iri biyu, na Hausa da na taswira. Daga nan ya haɗa take guda, ya ƙirga haruffansa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kada su wuce 60. Wanda yake da waya mai intanet ya rubuta sunan garinsu a Google, ya karanta wa aji amsoshi uku na farko, a tattauna su wane ne suka rubuta su, kuma da wane harshe.